Yaya matan da suke gyaran jiki da bazara?

Ummin Sadiƙ:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah tambaya gare ni, musamman ga manyanmu na zauren nan. Tun da watan Maris ya raba tsakiya na rasa yadda zan yi da jikina. In na shafa mai, kafin in gama ɗaura ɗankwali ya narke ya bi gumi. Hoda ba ta zama. Ƙurajen zafi sun feso min a wuya da gadon baya, kitso kuma bai rufa mako ba ya fara tsami a ƙarƙashin hijabi. Ga wuta babu. To matan da, da ba su san fanka ba, yaya suke yi? Don ni dai ban taɓa jin kakata tana warin gumi ba.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai amsar tana cikin maganarki. Kin ce kina shafa mai da zafin nan. Wa ya aike ki? Mu a cikin birni, mai na hunturu ne. Lokacin da iska ke busar da fata, ƙafa na faso, leɓe na tsagewa, shi ne ake neman man kaɗe da man shanu. Da zarar sanyi ya ɗaga, sai a rufe kwalbar a tura ƙarƙashin gado. In ma za a taɓa, da daddare ne, ɗan kaɗan a tafin hannu, a murza a diddige da gwiwar hannu, shi ke nan.

Sannan ba ma kwalliya da rana tsaka. Mace ta gama shara da wanke-wanke da daka, ta sauke tukunya, sannan ta shiga wanka. Kwalliya ta sosai sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, a watsa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta, a sake wanka, a sa kwalli, a ci goro, a canza zane. Ku kuwa ƙarfe sha biyu na rana za ku ɗora abu hawa uku a fuska ku fita cikin Adaidaita, ku dawo kuna cewa hoda ba ta da kyau.

A cikin gida kuma ɗaurin ƙirji muke yi da zane ɗaya. Babu namijin da zai faɗo gida ba sallama. Jiki yana shan iska yini guda.

Maman Biyu:
Hajiya, gidajen ma ai sun bambanta. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, katanga mai kauri, da rana sanyi ƙalau. Mu kuma bulo da kwano, ba sili, ga gidan haya mutum goma. Wa zai yi ɗaurin ƙirji a tsakar gidan haya?

Hajiya Babba:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a cikin ɗakinki fa? Wasu ko a uwar ɗaka suna naɗe da siket na roba da wando mai kama jiki a ciki.

Anti Nas:
Maganar Hajiya kan mai ta yi daidai da abin da ke kawo ƙurajen. Ƙurajen zafi ba ƙazanta ba ce, ba kuma jini ne ya ɓaci ba. 'Yan ƙofofin da gumi ke fita ne suke toshewa, gumin ya taru a ƙarƙashin fata ya yi ta ƙaiƙayi da tsira. Duk abin da ya rufe fata, basilin ne, mai mai kauri ne, rigar roba ce, ƙara toshe su yake yi. Ummin Sadiƙ, ki bar mai a wurin gaba ɗaya, ki riƙa watsa ruwa mai sanyi, ki tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, ki bari iska ta bi ta kai. In ƙaiƙayin ya dame ki, kalamin na kemis yana kwantar da shi. In kika ga sun fara ƙunsar ruwa fari ko sun zama maruru, a nan sai asibiti.

Ɗiyar Maraɗi:
Ina wuninku. Nan wajenmu ganyen bedi ake tafasawa, a bar shi ya huce, a sirka ruwan wanka. Yara da manya duka. Tsohuwata har yanzu in zafi ya shigo ba ta wanka sai da shi. Kuma ruwan randa take so, ba na jarkar da ta wuni a rana ba.

Ummin Sadiƙ:
Darbejiya ke nan ko? Akwai ta a ƙofar gidanmu.

Hajiya Babba:
Ita ce. Amma kun san ita ma baƙuwa ce? Daga ƙasar Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, aka bi tituna ana dasawa saboda inuwa. Kakata ganyen magarya ta sani da sabara. Magarya in aka daka ta aka dama, har kumfa take yi, a wanke jiki a wanke kai.

'Yar Barno:
To tunda an zo maganar ƙamshi, a ba masu abu abinsu. Ummin Sadiƙ, sirrin kakarki turaren wuta ne, kuma ba jiki take turarawa da rana ba, kaya take turarawa. A wanke zane, ya bushe ƙayau, a kifa kwando a kan kasko, a lulluɓa kayan a kai su sha hayaƙi, a ninke a sa a adaka. Ƙamshin da ya shiga zaren auduga ba ya gudu da gumi. Humra kuma ana shafa ta ne bayan wanka, a jiki mai tsabta, da daddare. Ita humrar gaskiya ba a haɗa ta yau a shafa gobe. Ana soya farcen turare a daka, a haɗa da sandal da miski da madarar turaruka, a rufe a kwalba a manta da ita makonni ta jiƙu. Wadda za ta fesa turaren kanti a kan gumin jiya, ita ce ke hana mutane numfashi a mota.

Maman Biyu:
Wallahi kuwa. Gumi da turare in suka haɗu, gara gumin shi kaɗai.

'Yar Barno:
Dilka ma haka. Daga Sudan ta zo mana, ita da halawa da zama a kan hayaƙi da suke kira dukhan. Hanyar aikin hajji ta da ai ta nan ta bi, Barno, Chadi, Sudan, har bakin Bahar Maliya, a ƙafa da jakuna, wasu shekaru suke yi a hanya, wasu su zauna can gaba ɗaya. Har yau akwai garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu, na zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903. Masu dawowa da matan Shuwa su suka yaɗa waɗannan abubuwa. Kuma dilka ta dace da zafi, don murje matacciyar fata take yi, jiki ya yi wasai.

Anti Nas:
Dilka ba ni da ja a kanta, in ba a zuba man bilicin a ciki ba, don yanzu wasu masu gyaran jiki haka suke yi su ce miki kurkur ne ya haska ki. Amma zaman hayaƙin nan da zafin Afrilu, a rufe ɗaki, a rufe mace da bargo a kan garwashi, ina jin tsoronsa. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Ga gumi da za ta zubar. In dole ne a yi, a yi a fili ko taga a buɗe, ta sha ruwa sosai, mai ciki da mai asma kuma kada su kusanta.

'Yar Barno:
Anti, mu da muka gada ba ma yi a rufaffen ɗaki. Rami ake haƙawa a bayan gida inda iska ke shiga, kuma da sassafe ko bayan isha'i. Masu koyo a waya ne ke ɓata sana'ar.

Malama:
Ƙarin bayani kaɗan, Allah ya ba mu ikon gyarawa. Duk wannan ƙamshin na cikin gida ne. Hadisi ya yi hani ga mace ta fita da turaren da maza za su ji, har zuwa masallaci ma. Iyayenmu sun huta da wannan don ba fita suke yi da rana ba. Mai zuwa aiki ko makaranta, abin da ya dace da ita shi ne abin da zai kashe warin, ba abin da zai tashi ƙamshi ba. Kuma shari'a ta riga ta ba da maganin tun farko: cire gashin hammata da na mara, kada ya wuce kwana 40. Da zafin nan ma wa zai jira kwana 40?

Ɗiyar Maraɗi:
Alimun shi ne na wannan. A jiƙa dutsen da ruwa a goga a hammata bayan wanka. Ba shi da ƙamshi ko kaɗan, kuɗinsa ba yawa, guda ɗaya sai ya yi watanni.

Ummin Sadiƙ:
Ni lemun tsami aka ce min in riƙa gogawa, har a fuska wai yana goge tabo.

Anti Nas:
Alimun ya fi. Shi gumi a kansa ba shi da wari, ƙwayoyin cuta da ke zaune a fata ne ke cin sa su fitar da warin, alimun kuma yana hana su yaɗuwa. Sai dai kada a goga a inda aka yi aski yanzu, zai yi zafi. Kuma a hammata na ce. Masu cewa a yi matsi da shi, wannan ɓarna ce, busar da wurin yake yi ya jawo ciwo.

Lemun tsami kuwa a fuska da rana, a'a. Akwai wani sinadari a ruwansa da ɓawonsa wanda in ya zauna a fata rana ta doke shi, sai wurin ya ƙone, wani har ya tashi bororo, in ya warke ya bar baƙin tabo na watanni. Wato tabon da ake gudu shi za a ƙaro.

Hajiya Babba:
Mu lemun tsami a lalle muke matsa shi da kunu. Ba mu san shi a fuska ba.

Kai kuma da kika ce yana tsami, bari in tambaye ki: in kin wanke, kina bari ya bushe kafin ki ɗaura? Mu ranar wankin kai rana ce guda. A tsefe da safe, a jiƙa karkashi ya yi yauƙi, a wanke da shi, tsefewa ba wuya, gashi ba ya karyewa. A zauna a inuwa kai a buɗe har ya bushe, sannan makitsiya ta zo. Da bazara manyan kitso ake yi, shuku ko zane guda shida ko takwas, yadda iska za ta shiga tsaga kuma in an gaji a tsefe cikin minti kaɗan. Ƙananan kitso da doka na biki ne da salla. Man shanu ma da muke sa wa kai, da zafi ba a labta shi, don kwana biyu ya yi hamami.

Maman Biyu:
Ni abin da ke ba ni mamaki, masu ƙarin gashi da ulu su bar shi wata biyu da zafin nan. Ga nauyi, ga gaban goshi duk ya cinye.

Malama:
Wannan ma ban da zafi akwai hani a kan ƙarin gashi. Amma wannan darasin wata rana ne.

Maman Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan zafinmu da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, don haka maganar tufafi ta fi damun mu. Abin da na lura, atamfar da iyayenmu suka ɗaura auduga ce zalla. Yanzu yawancin mai araha roba ce aka buga wa zanen atamfa. Hijabai ma haka, ga su baƙaƙe ko ruwan ƙasa, suna zuƙar rana.

Hajiya Babba:
Allah ya yi miki albarka. A da masaƙu na aiki. Ta Kaduna tun 1957 aka buɗe ta, ga na Kano a Bompai da Sharaɗa da Challawa, audugar kuma tamu ce ta Funtuwa da Gusau. Akoko da alawayyo da atamfa duk suna shan gumi. Yanzu ki shiga Kantin Kwari, sai kin tona. In kina son ganewa, zaro zare ɗaya daga bakin yadin ki kyasta masa ashana. Auduga za ta ci ta zama toka mai laushi. Roba za ta narke ta dunƙule ta yi tauri.

Ummin Sadiƙ:
Hajiya kada 'yan Kwari su kore ni, in shiga shago da ashana.

Maman Zango:
Sai ki saya ki gwada a gida, in roba ce kin san ba za ki koma wurinsa ba. Sannan sabulu. Baƙin sabulun nan da kuke cewa na salo ko na Gana, nan da tokar ɓawon koko ko ta ɓawon ayaba ake dafa shi da man ƙwarar manja ko man kaɗe. Yana wanke maiƙo tas, ya dace da zafi. Amma yana da kaifi, a murza kumfar a hannu tukuna, kada a gurza gundarin a fuska. Kuma a kula da wanda aka ce an “haɗa”. Hukumar abinci da magunguna ta nan Gana ta hana kayan shafa masu sinadarin bilicin na hydroquinone tun 2016, Kodebuwa ta riga mu a 2015, amma har gobe ana sayarwa a ɓoye.

Anti Nas:
A Najeriya ma NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Kuma bazara ce ke tona asirin mai bilicin. Mayukan nan da yawa akwai sitiroyid a ciki, yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito, ƙyasbi da makero su samu wurin zama, gumi ya canza wari. Hydroquinone kuma in aka daɗe ana shafawa ana shiga rana, sai kumatu su yi baƙi-baƙi mai shuɗi wanda ba ya fita da sauƙi. Wasu har da zaiba a ciki, tana lalata ƙoda. Duk wannan kakanninmu sun tsira daga gare shi.

Amma tunda ana ta yabon na da, bari in taɓo wanda ba za a so ba. Kwalli.

Hajiya Babba:
To fa. Me kwalli ya yi?

Anti Nas:
Tozalin nan na dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, asalinsa dalma ce haɗe da farar wuta. Irin dutsen da ake haƙowa a Zurak ta Filato da wajen Abakaliki. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6, iyayensa 'yan Najeriya, a birnin Boston, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa ne, aka auna aka ga kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba a gani a ranar, sai ya girma a ce ba ya gane karatu. Mai ciki ma tana wuce wa ɗan da ke cikinta. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can ƙurar dutsen zinariya ce kuma yawanta ya fi, amma gubar ɗaya ce.

Hajiya Babba:
'Yar nan, ni da kwalli aka yi min suna, da shi na yi wa 'ya'yana. Ga su nan da digirinsu. Idona kuma har yau ina zura zare a allura. Da zafi in kika sa shi, sanyi kike ji a ido.

Malama:
Kuma kwalli sunna ne, hadisi ya ambaci wani dutsen kwalli da ake kira ismid, yana ƙara gani yana tsirar da gashin ido. A yi hattara da yadda ake magana.

Anti Nas:
Malama, Allah ya tsare ni da taɓa sunna. Tambayata ita ce, abin da ke cikin tandun nan na kasuwa, shi ne ismid ɗin? An sha gwada kwallin da ake sayarwa a ƙasashen Larabawa da Indiya da nan Afirka, har da masu rubutun ismid a jiki, ana samun dalma a da yawa daga cikinsu. Ido ba ya bambancewa, sai ɗakin gwaji. Hajiya kuma, Allah ya ƙara lafiya, ke babba ce, jikin babba ba ya zuƙar dalma kamar na yaro. Ba kowane yaro ne zai nuna alama ba, shi ya sa abin ke ɓuya. Roƙona ɗaya ne: jarirai da masu ciki.

Malama:
In dai haka ne, ƙa'ida a fili take, ba cuta ba cutarwa. Wanda aka tabbatar yana da guba ba a sa wa yaro da sunan sunna.

Hajiya Babba:
Nawa dai ba zan bari ba. Na jikokin kuma sai in ga yadda zan yi da kakarsu ta wajen uba, don ita ce mai tandu a jaka.

Maman Biyu:
Wani abu kuma, mucin kwalli ɗaya gida guda. In apolo ya shigo, kowa sai ya yi.

Ɗiyar Maraɗi:
Hajiya, fure fa? Ina jin tsofaffi na faɗin fure da goro.

Hajiya Babba:
Furen taba ne. A goga shi a haƙora ana cin goro, baki ya yi ja jawur. A lokacin ita ce gayu, yarinya in ta yi murmushi a dandali sai an waiwaya. Akwai katambiri da ake ɗiga wa fuska, da shuni da ake shafa wa gashi da hannu har ya yi ƙyalli. Waɗannan duk sun wuce, ni ma ba na kewar su. Asuwaki dai shi ne ba ya tsufa, balle in azumi ya faɗo cikin zafi, baki ya bushe.

Amaryar Bana:
Iyayena ku taimaka, bikina saura mako uku. Ni maganar lalle nake jira. Baƙi nake so har gwiwar hannu, amma wata ƙawata da aka yi mata, zanen ya kumbura ya yi ruwa, har yanzu shatin furen na nan a hannunta.

Mai Ƙunshi:
Wannan jininta ne bai karɓa ba. Ni sana'ata ke nan, amare nawa na yi wa ba abin da ya same su. Kada a ɓata mana kasuwa don Allah.

Anti Nas:
'Yar uwa ba kasuwarki ake nufi ba. Amma faɗa mana, me kike zubawa ya yi baƙi cikin rabin awa?

Mai Ƙunshi:
Dayis ne mana, da ɗan haidurojin. Kowa shi yake sawa.

Anti Nas:
To shi ne. Ganyen lalle ba ya yin baƙi, iyakarsa ja zuwa ruwan goro mai duhu. Dayis rinin gashi ne, sinadarin cikinsa ana kiran sa PPD, kuma ko a ƙasashen da aka yarda a rina gashi da shi ba a yarda a zana shi a fata ba. Gaskiyarki ne ba kowa yake kamawa ba. Matsalar ita ce, mace za ta iya yi sau da yawa lafiya, rana ɗaya jiki ya ƙi shi. Kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwanaki, wani har mako biyu. Daga ranar kuma shi ke nan har abada, ko rinin gashi ta shafa fuska za ta kumbura. Ga zafi, ga gumi, fata a jiƙe. Amarya, ki lissafa: in aka yi miki ana gobe kamu, ranar da zai tashi kina ɗakin miji.

Amaryar Bana:
Innalillahi. A'a wallahi.

Hajiya Babba:
Ki yi irin namu ki huta. A samo ganyen lalle sabo, a shanya a inuwa, a daka a tankaɗe. A kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami, a bar shi ya tsima. Da daddare a ƙunsa ƙafa, a naɗe da ganye da tsumma, hannu kuma a zura a zunguru, a kwana da shi. Kwana biyu ko uku a jere ana maimaitawa, sai ya yi duhu har ya kusa baƙi don kansa. Kuma da bazara ba don ado kaɗai muke yi ba. Tafin ƙafa in yana raɗaɗin zafi, ki kwana da lalle ki ji yadda sanyi ke ratsa ki. Tsofaffi har a tsakar ka suke ɗora shi.

Malama:
Ga shi ba ya hana alwala, don launi ne ya shiga fata, ba rufi ya yi mata ba. Jan farce na kanti shi ne sai an kankare.

Anti Nas:
Jan lalle na ganye ba ni da magana, sai ga jarirai. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, ya fi yawa a maza, kuma a ƙasar nan ba kaɗan ba ne. Irin waɗannan in aka shafe musu jiki da lalle, jininsu na iya fashewa, shawara ta kama su. Ƙwallon kafur da ake jefawa cikin kayan jarirai ma haka yake yi. Don haka ranar suna a bar mai jego ta sha ƙunshinta, a ƙyale jaririn.

Mai Ƙunshi:
To ai ja ma ina yi, na salatif da na zane duka. Sai dai amaren yanzu ba sa iya zaman. Awa biyu su ce sun gaji, hannu na son danna waya.

Amaryar Bana:
Zan zauna. Amma zunguru kam a ina zan samo shi a zamanin nan?

Mai Ƙunshi:
Leda da tsohuwar safa sun wadatar. Sai dai da zafin nan kada ki ɗaure leda tun yana danye, gumi zai narkar da zanen ya cakuɗe. Ki bari ya sha iska ya fara bushewa, a ɗiɗɗiga ruwan sukari da lemun tsami ya kama, sannan a naɗe. In an kankare kuma kada ki taɓa ruwa da sabulu sai an jima, ki shafa mahallabiya ko man kaɗe. Launin ba ya gama fitowa sai bayan kwana biyu, don haka in kamu Alhamis ne, Talata za a yi. Ki turo min saƙo ta gefe in gaya miki kuɗin.

Shugabar Zaure:
Mai Ƙunshi, talla ranar Asabar ce. Na bar wannan saboda amarya.